Rabon Baɗi

A wani gida mai ɗaki uku da ɗan tsakar gida, an yi wasu yara mata uku da ba su taɓa sa rigar kanti ba. Dalili kuwa shi ne suna da Kaka, ita kuma Kaka tana da keken ɗinki.

Keken baƙi ne, na juyawa da hannu. A jikinsa akwai zanen furanni ruwan gwal da suka fara gogewa. Yana zaune a kan tebur a bakin taga, lulluɓe da tsohon zane kamar jariri mai barci. Ya girmi kowa a gidan in ban da Kaka. Ko Baba bai isa ya ɗora masa kofin shayi ba.

Kullum da safe, in rana ta leƙo ta taga, sai Kaka ta yaye zanen. Ta ɗiga masa mai. Ta shafa bayansa ta ce, "Tsoho, an tashi lafiya?"

Sai ta juya hannun keken, shi kuma ya amsa: caka-caka-caka-cak.

Da wannan ƙarar yaran suke tashi. Da ita suke wanke ido. In sun dawo daga makaranta, tun daga bakin ƙofa suke jin ta, su san gida lafiya.

Babbarsu ana ce mata Yaya. Ƙaramar kuma Auta. Ta tsakiya kuwa, kowa Aku yake kiranta, har an kusa manta sunanta na gaskiya.

Aku ta ci sunanta. Duk abin da ya shiga kunnenta sai ya fito ta bakinta. Ta iya tarin da Baba yake yi kafin ya yi magana: "Ehem. To, to, to." Ta iya kiran Mama mai jawuwa kamar roba: "Auuuta, zo nan maza." Ta iya kukan ƙofar banɗaki, da kiran mai gyaran takalma, har da atishawar kyanwar maƙwabta.

Amma wadda ta fi ƙwarewa a kanta ita ce Kaka.

Sai ta lanƙwasa waya ta yi tabarau, ta ɗora a ƙarshen hanci. Ta zauna gaban wani tsohon kwali. Ta lashi zaren da babu shi, ta kanne ido ɗaya, ta zura shi a allurar da babu ita. Ta daidaita yadi da tafin hannu. Ta juya iska tana cewa, "Caka-caka-cak." Sannan ta ciji zare, ta tofar, ta ɗaga yatsu sama.

"Yatsa huɗu," in ji ta da muryar tsufa, "rabon baɗi."

Yaya da Auta su yi ta birgima don dariya.

Daga ɗaki Kaka ta ce, "Ina jin ki, mai bakin reza. Allah ya kai mu ranar da za ki tsufa, jikokinki su rama mini."

Shi wannan rabon baɗi, dokar Kaka ce. Duk rigar da ta ɗinka, sai ta yi mata tsawo fiye da mai ita. Ta auna yatsa huɗu daga ƙasa, ta ninke su ciki. Ta bi bakin rigar da ɗinki ɗaya. Ta kama ninkin daga sama da wani ɗinkin. Daga waje ba a ganin komai. Amma yadin yana nan a ciki, a kwance, yana jira.

"Yaro masara ne," in ji Kaka. "Ka juya baya, ya ƙara tsawo. Wanda ya ɗinka wa yaro daidai shi, jiya ya ɗinka wa."

In shekara ta zagayo riga ta ɗage, sai Kaka ta sa reza ta warware ninkin. Ta sauke shi, ta bi shi da dutsen guga. Riga ta koma daidai. Sai dai wani siririn layi yakan zauna a wurin tsohon ninkin, kamar alamar da ruwa kan bari a jikin bokiti.

In riga ta gaji da Yaya, ta sauko kan Aku. In ta gaji da Aku, ta sauko kan Auta. In ta gaji da kowa, a yanka ta, guntayen su shiga jakar ƙyallaye da ke rataye a bayan ƙofa.

Wato dai tun da aka haifi Aku, kwancen Yaya take sawa. Ba ta taɓa sa rigar da ba ta riga ta san gwiwar Yaya ba.

Wata rana Baba ya dawo daga aiki da ƙunshi a hammata.

"Ehem," in ji shi.

"To, to, to," in ji Aku daga bayan ƙofa.

Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya warware ƙunshin. Yadi ne shuɗi, mai zanen ƙananan tsuntsaye farare.

Yaya ta miƙa hannu kamar yadda ta saba. Kaka ta ɗan buge hannun.

"Wannan karon ba naki ba ne. Na mai bakin reza ne. Ke, zo nan ki tsaya."

Aku ta rasa muryar wa za ta ara. Ta tsaya ƙiƙam, hannuwa a buɗe. Kaka ta auna kafaɗa, ta auna ƙugu, ta auna tsawo, tana ja da alli a kan yadin.

"Kaka," in ji Aku a hankali, "don Allah wannan dai a yi ta daidai ni."

"Daidai wace ke? Ta yau ko ta baɗi?"

"Ta yau."

"Ta yau ai gobe ba ta nan. Ɗaga haɓa."

Kaka ta daɗe a kan rigar nan fiye da kowace riga. Tana ɗinki tana ƙara matsawa kusa da taga. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake cirewa. Da ta zo kan ninki, ta ɗora yatsa huɗu. Sai ta ƙara biyu na ɗaya hannun.

"Haba Kaka, har shida?" in ji Aku.

"Yadin ne ya yi saura," in ji Kaka, ba ta ko ɗago kai ba.

Riga ta fito ta yi kyau. Wuyanta zagaye, da maɓallai farare a baya, da ɗan aljihu a ɓoye a gefe. Auta ta yi ta shafa tsuntsayen.

"Bayan ke sai ni, ko?" in ji ta.

"Sai kin yi furfura kina jira," in ji Aku.

Da ƙarshen mako ya zo, Aku ta sa rigar ta fita filin da yaran layinsu suke wasa. A can akwai wata yarinya da ake kira 'Yar Kanti. Duk kayanta daga kanti ake sayo su. Wani lokaci ma har da 'yar takardar kanti tana reto a bayan wuyanta.

'Yar Kanti ta kalli Aku sama da ƙasa.

"Mu yi juyi," in ji ta. "Mu ga rigar wa ta fi buɗewa."

Ta juya. Rigarta ta buɗe kamar laima.

Aku ma ta juya. Tsuntsaye suka ƙi tashi. Rigar ta ɗan motsa, ta daki ƙwaurinta, ta koma ta tsaya.

'Yar Kanti ta sunkuya, ta kama bakin rigar ta murza.

"Me aka cusa a nan? Katifa ce?"

"A'a, bargo ne," in ji wata. "Saboda sanyi."

Duka suka fashe da dariya.

Aku ta saba da dariya, amma ta saba ita ce mai sa ta. Yau ita ake yi wa. An ce wanzami ba ya son jarfa. Ta juya ta nufi gida, ko sallama ba ta yi musu ba.

Ta tarar da gida tsit. Kaka tana kishingiɗe tana ɗan barcin rana. Mama ta shiga maƙwabta. Babban almakashin Kaka, wanda ko takarda ba a yankawa da shi, yana cikin aljihun tebur.

Aku ta cire rigar, ta juyo cikinta waje. Ta ɗauki reza. Ai ta sha ganin yadda Kaka take yi. Ta bi ɗinkin sama ta warware shi. Ninkin ya saki.

Sai ga Auta ta leƙo.

"Yaya Aku, me kike yi?"

Aku ta juya fuska wajen bango, ta kare baki da hannu, ta ari muryar Mama. "Auuuta, zo nan maza."

Auta ta kwasa da gudu, ta fita neman Mama.

Almakashi ya ce ƙaras, ƙaras, ƙaras. Aku ta yanke ninkin dab da ɗinkin ƙasa. Dogon ƙyalle shuɗi ya faɗo da tsuntsayensa. Ba ta sa shi a jakar ƙyallaye ba, don kada a gani. Ta dunƙule shi, ta cusa a can ƙasan kwandon shara. Washegari masu kwasar shara suka tafi da shi.

Da ta koma fili ta juya, rigar ta buɗe. Tsuntsaye suka tashi sama gaba ɗaya. Har 'Yar Kanti sai da ta tafa.

"Ashe abin ba wuya," in ji Aku a ranta.

Watanni suka shuɗe. Babu wanda ya gane, don daga waje ba a ganin komai.

Amma wani abu ya fara sauyawa a gidan. Kaka ta fara kiran Aku kowace safiya.

"Zo ki zura mini zaren nan. Masu yin allurar zamani sun daina yi mata kafa."

Aku ta zura, ta yi dariya, ta wuce.

Sai wata rana Kaka ta ɗinka wa Baba riga. Ya sa, ya zo zai jefa mabuɗi a aljihu. Mabuɗin ya faɗi ƙasa. An ɗinke bakin aljihun ruf.

"Ehem," in ji Baba. "To."

Sauran "to" biyun ba su fito ba. Ya tsaya yana kallon mahaifiyarsa.

Aka kai Kaka asibiti. Likita ya duba, ya ce idon ya gaji. Ya ba ta magani, ya ce ta daina aikin allura.

Tun daga ranar, zanen nan ya rufe keken, ba a ƙara yaye shi ba. Rana takan leƙo ta taga, ta ga ba kowa, ta wuce. Yaran suka fara makara, don babu mai tashinsu. In sun dawo daga makaranta, sai sun shiga har ciki kafin su san gida lafiya.

Da shekarar karatu ta kusa ƙarewa, Malama ta kira Aku gaban aji.

"Za mu yi wasan kwaikwayo ranar rufe makaranta," in ji ta. "Ke ce mai ba da labari. Ke za ki yi muryar zaki, da ta akuya, da ta tsohon kunkuru. Za ki tsaya a gaba daga farko har ƙarshe. Iyaye za su zo. Ki sa rigarki mafi kyau."

Aku ta dawo gida tana tsalle. Ta buɗe akwati ta ciro mai tsuntsaye. Ta kwana biyu ba ta sa ta ba. Ta zura kai, ta ja ƙasa.

Rigar ta tsaya a saman gwiwa.

Ta sake ja. Ta ɗan lanƙwasa ƙafa. Ta ɗan sunkuyar da kafaɗa.

"Miƙe sosai," in ji Mama. "Oh, yarinyar nan kamar ana jan ki ta kai. Ba za ki tsaya gaban mutane a haka ba."

Kaka tana zaune a kujerarta. Fuskarta ta washe kamar an kunna fitila.

"Yau ranar rabon baɗi ce," in ji ta. "Kawo ta nan. Wannan aikin ba ya bukatar ido. Warwarewa ce kawai, uwarki ta goge."

Aku ta cire rigar, ta miƙa da hannu biyu.

Kaka ta juyo cikin rigar. Yatsunta suka bi bakin, suna lalube. Suka zagaya har suka dawo inda suka fara. Suka sake zagayawa.

"Ina rabon baɗi?" in ji ta.

Aku ta kalli ƙasa. Ta kalli rufin ɗaki.

"Ko dai ɓera ne, Kaka?"

"Lallai ɓeran nan gwani ne," in ji Kaka. "Ya iya warware ɗinki da reza. Ya iya riƙe almakashi. Sai dai hannunsa yana rawa, ga shi nan ya karkace."

Auta ta zaro ido. "Ranar nan ce. Ranar da Mama ta kira ni, kuma ta ce ba ta kira ni ba."

Sai Aku ta fashe da kuka. Ta faɗi komai, daga katifa da bargo har kwandon shara.

Mama ta saurara har ƙarshe.

"Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka," in ji ta. "Kin san dokar gidan nan. Rigar da ta yi miki kaɗan ta zama ta Auta. Ke kuma ga kwancen Yayarki nan, mai ruwan ƙasa. Da ita za ki je wasan."

Aku ta san wannan rigar. Ta koɗe, ga layin tsohon ninki har biyu, ga tabon tawada a ƙirji.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta ninke mai tsuntsaye a kan cinyarta, tana shafawa.

"Kin tambaye ni me ya sa na yi shida," in ji ta. "Na ce miki yadi ne ya yi saura. Ba saura ba ne. Tun lokacin na san idona ya kama hanya. Sai na ce bari in ƙara biyu, ko yarinyar nan ta daɗe tana sa ɗinkin hannuna."

Aku ta ji da ma dukanta aka yi.

Daga nan gidan ya yi shiru biyu. Keke ya yi shiru, Aku ma ta yi shiru. Baba yakan ce "Ehem," ya ɗan dakata yana jira, ba mai ƙarasa masa. Ƙofar banɗaki ta koma yin kukanta ita kaɗai.

A makaranta ma Malama ta lura.

"Aku, zakin nan naki ya zama ɗan kyanwa. Lafiya?"

Aku ta ba ta labari, tana wasa da bakin hannun rigarta.

"Kin ba Kakar haƙuri?"

"Kunya nake ji, Malama. Ban san me zan ce ba."

"Kin iya muryar kowa," in ji Malama. "Yau ki je mata da taki."

Da ta dawo gida, ta ajiye jaka. Ta je ta durƙusa kusa da kujerar Kaka.

"Kaka, na yi laifi. Ki yafe mini."

Kaka ta laluba ta dafa kanta.

"Na yafe tun ranar. Amma yafiya ba ta ƙara wa riga tsawo. Tashi ki yaye zanen can."

Aku ta ɗago kai. "Kaka, likita ya hana ki."

"Ni ya hana. Bai hana ki ba. Shekara nawa kina yi mini tsiya a gaban kwali? Yau ki yi mini Kaka a gaban tsoho. Ke ce ido, ni ce kunne. Za mu yi wa rigar nan ƙari."

"Amma ai rigar ba tawa ba ce yanzu."

"To je ki roƙi mai ita."

Aka kira Auta. Ta zo ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta ɗaga hanci kamar babbar mace.

"Zan ara miki," in ji ta. "Amma sai kin yi abu biyu. Ki mayar mini da rabona da kika yanke. Kuma ki yi mini atishawar kyanwa."

Aku ta shaƙi iska, ta yamutsa fuska, ta yi atishawar. Auta ta faɗi ƙasa don dariya. Daga tsakar gida aka ji Mama ma ta ƙyalƙyale.

Aka sauko da jakar ƙyallaye daga bayan ƙofa, aka zazzage ta a kan tabarma. Ja, kore, rawaya, mai ɗigo-ɗigo, mai layi-layi. Kaka ta riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana murzawa.

"Wannan mai kaushi, wandon makarantar babanku ne. A kan bishiya ya yaga shi, ya dawo ya ce mini iska ce."

"Ehem," in ji Baba daga bakin ƙofa.

"To, to, to," in ji yaran gaba ɗaya.

"Wannan mai laushi, zanen da aka fara goya Yayarku ne. Wannan kuma labulen ɗakin uwarku ne na farko." Ta ɗauki wani fari mai siririn layi. Ta daɗe tana murza shi. "Wannan rigar kakanku ce, wanda ya sayo mini tsohon nan. A sa shi a gaba."

Mama ta ɗauki almakashi, ta daidaita guntayen su zama faɗi ɗaya. Aku ta zauna a kujerar keke. Ƙafarta da ƙyar take taɓa ƙasa. Ta ɗiga mai. Ta shafa bayan keken.

"Tsoho, an tashi lafiya?" in ji ta da muryar Kaka.

Kaka ta yi dariya har ta share hawaye.

Aku ta lashi zare, ta kanne ido ɗaya, ta zura. Ta daidaita yadi da tafin hannu. Abin mamaki, hannuwanta sun san hanya. Duk tsiyar da ta yi a gaban kwali, ashe karatu take yi ba ta sani ba.

Sai dai kwali ba ya jan yadi ya gudu da shi. Tsoho kuwa yana ja. Ɗinkin farko ya fito kamar sawun maciji.

"Kina sauri," in ji Kaka, ta karkata kunne. "Tsoho ba ya son gaggawa. Caka, caka, caka. Ba tseren doki kike ba." Ta laluba ɗinkin da yatsa. "Warware."

Aku ta warware, ta sake.

"Warware."

Ta sake warwarewa. Allura ta soke ta a yatsa. Kafaɗarta ta yi tsami. Zare ya sarƙe a ƙasa, sai da Yaya ta taya ta cirewa.

Haka suka yi ta yi kullum bayan makaranta, tun rana tana sama har ta sauka. Auta tana riƙe ƙarshen yadi. Yaya tana guga. Kaka tana saurare.

"Kaka," in ji Aku wata rana, tana murza kafaɗa, "haka kike shan wahala a kan kowace riga?"

"Wace wahala? Hira muke yi da tsoho. Ke ce dai ba kya barin shi ya yi magana."

Sannu a hankali sawun maciji ya miƙe. Guntaye suka haɗu suka zama dogon ƙyalle mai launi-launi. Aka haɗa shi da bakin mai tsuntsaye. Aku ta gwada. Rigar ta sauko har kusa da idon sawu.

"To, tela," in ji Kaka, "saura me?"

Aku ta shimfiɗa rigar a kan tebur. Ta ɗora yatsa huɗu a bakin. Ta kalli yatsunta ƙanana. Ta kalli Auta da ke tsaye tana jira. Sai ta kamo hannun Kaka ta ɗora a wurin, ta jera nata a gefe.

"Naki huɗu, nawa biyu," in ji ta.

Ta ninke, ta bi da ɗinki ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Ta ciji zare, ta tofar.

Kaka ta bi ninkin da yatsa har ya zagayo. Wannan karon ba ta ce a warware ba.

Ranar wasa, Kaka ta zauna a layin gaba tsakanin Baba da Mama. Ba ta ganin dandamali sosai, amma kunnenta bai bar komai ba. Aku ta fito da mai tsuntsaye. Zaki ya yi gurnani har wani jariri ya fashe da kuka. Akuya ta yi kukanta. Da aka zo kan tsohon kunkuru, sai ya yi magana a hankali da wata murya da mutanen gidan suka sani.

"Ai wannan ni ce," in ji Kaka, tana zungurin Baba. "Ka ji mai bakin reza."

Bayan an tashi, 'Yar Kanti ta matso. Ita rigarta mai buɗewa kamar laima ta daɗe da matse ta, har an ba da ita.

"A wane kanti aka sayo wannan mai launi-launi?" in ji ta.

"Ba a sayar da ita," in ji Aku. "Ga wandon Baba nan, ga labulen Mama, ga rigar kakana."

'Yar Kanti ta sunkuya ta murza bakin rigar.

"Har yanzu da katifar?"

"Tana nan," in ji Aku. "Ta baɗi ce."

Rigar nan ta daɗe a gidan. An sauke ta sau ɗaya a jikin Aku. Ta sauko kan Auta, aka ɗage ta, aka sake sauke ta. Shuɗinta ya koɗe, tsuntsayen suka yi duhu, layukan ninki suka jeru kamar matakala. Duk da haka babu wanda ya yarda a yanka ta a sa a jakar ƙyallaye.

Aku ta koyi darasinta. Abin da manya suka ninke suka ajiye, da dalilinsa. In ba ka ga amfaninsa yau ba, ka tambaya kafin ka sa almakashi. In kuma ka riga ka ɓata, ka faɗi gaskiya, ka ba da haƙuri, sannan ka zauna ka gyara.

Tun daga lokacin yaran gidan ba su ƙara makara ba. In rana ta leƙo ta taga, takan tarar da Aku a kujerar keke, Kaka kuma a gefe ta karkata kunne.

"Kina sauri, mai bakin reza."

Aku ta sassauta hannu. Tsoho kuwa ya amsa kamar yadda ya saba: caka-caka-caka-cak.